Karatu ya min yawa, shafi wajen 400 duk sati, ya kuke yi ne dan Allah?

Ɗalibar Tarihi ta rubuta:

Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah shawara nake nema wajen waɗanda suka riga mu bi ta wannan hanyar, don wlh abin ya fara fin ƙarfina.

Ina aji biyu a jami'a, Tarihi nake karanta, wannan zangon kwas shida gareni, huɗu na sashenmu sai ɗaya na falsafa ɗaya na adabi. Shekaranjiya da daddare na zauna na haɗa duk abin da aka ce mu karanta a sati ɗaya tak, na ƙirga shafukan sai ga 390, na sake ƙirgawa don na ɗauka kuskure nayi, ashe haka ɗin ne. Kowane malami in ya tashi bada karatu kamar kwas ɗinshi kaɗai muke yi, wannan ya ce babi uku, wancan ya turo PDF huɗu, na adabi kuma littafi guda sukutum ya ce kafin sati mai zuwa. Kuma duk da Turanci ne, wanda ba da shi na tashi ba, wani sakin layin sai na buɗe ƙamus sau biyar kafin in kai ƙarshensa, in na kai kuma na manta yadda ya fara.

Abin da ya sa na kasa haƙuri na zo nan shine abin da ya faru ranar Talata. An ba mu wata makala mai shafi 32 akan musabbabin juyin juya halin Faransa na 1789, na zauna mata tun ƙarfe takwas na dare har sha biyu, awa huɗu cur, ban tsallake ko layi ɗaya ba, har 'yan ƙananan bayanan nan na ƙasan shafi sai da na bi, makata ta shafa wa rubutu launi, mai ruwan ɗorawa, ta kusa ƙarewa don kusan kowane shafi na shafe rabinsa. Da safe a aji malamin ya nuna ni ya ce in faɗa a taƙaice me marubucin yake son cewa, kuma da wa yake jayayya. Wlh na buɗe baki ba abin da ya fito. Ina tuna akwai maganar bashin da ya yi wa gwamnatin sarki katutu, akwai haraji, akwai tsadar rayuwa, amma in haɗa su in ce ga inda mutumin ya dosa, na kasa. Wani ɗan ajinmu da a gabana ya buɗe makalar kafin malam ya shigo, bai fi minti talatin a kanta ba, shi ya amsa kuma malam ya ce daidai ne. Da na koma ɗaki sai da nayi kuka, ba don shi ya amsa ba, don na rasa gane ina awa huɗuna suka tafi.

Ni matsalata ban iya tsallake ba, tun ina ƙarama in na ɗauki littafi daga bango zuwa bango nake yi, in na tsallake wuri sai in ji kamar na ci amana. Yanzu ga shi ina bin bashin karatun sati uku, idona na ciwo, barci bai fi na awa huɗu ba.

Tambayata, wai da gaske akwai wanda yake karanta duk abin da aka bayar? Tsallakewa ba ha'inci ba ne? Sannan na ga ana tallan kwas ɗin koyon saurin karatu a intanet wai mutum zai iya kalma dubu a minti ɗaya, in shiga ko in bari? Nagode.

Mai Digiri Na Biyu ya amsa:

Wa alaikumus salam ƙanwata. Da farko ki share hawayenki, ba ƙwaƙwalwarki ce da matsala ba, lissafin ne tun asali ba ya fita, bari in nuna miki.

Ke da kanki kin ce shafi 32 ya ci miki awa huɗu, wato shafi 8 kenan a awa. Raba 390 da 8 ki gani, awa 49 ne ba kaɗan. Awa 49 a sati na karatu zalla, ban da zaman lakca, ban da rubuta asaimen, ban da barci da sauran hidimar rayuwa. Ko wanda Turancin harshen uwarsa ne ba wani gudu yake yi ba, akwai wani masani a jami'ar Ghent ta Beljiyam, Marc Brysbaert, a 2019 ya tattara bincike 190 ya gano cewa matsakaicin baligi yana karanta kalma 238 a minti in rubutun ba ƙagaggen labari ba ne, kuma wanda Turanci yake harshensa na biyu bai kai haka ba. In muka ce shafi ɗaya kalma 400 ne, shafukanki za su ci wajen awa 11 a wannan gudun, amma fa wannan karatun wucewa ne irin na jarida, ba wanda ake tsayawa a yi tunani a ɗauki biro ba. To kin ga tsakanin awa 11 da awa 49 ɗin nan duk dabarar take.

Amsar tambayarki kai tsaye, a'a, ban san wanda yake bin kowane layi na duk abin da aka bayar ba, har mu da muke digiri na biyu da ake iya cewa mu zo da littafi biyu a sati. Kuma ba ha'inci ba ne. Ha'inci shine ki ce kin karanta abin da ba ki taɓa buɗewa ba, ko ki kwafi aikin wani. Zaɓar inda za ki zuba ƙarfinki kuwa yana cikin abin da ake so ki koya a fannin nan.

Ni duk farkon sati kashi uku nake yi wa karatuna. Akwai wanda za a tattauna a kansa a aji ko zan yi rubutu a kai, wannan na tsanaki ne, shi ke cin mafi yawan lokacina. Akwai wanda tatsarsa kawai zan yi in ɗebi hujjarsa in wuce. Akwai kuma wanda leƙe ne, in san yana nan, in san akan me yake magana, ko zan buƙace shi gaba. In kin duba takardar tsarin kwas da kyau sau da yawa malamin ma ya raba miki, ya rubuta ga na dole ga na ƙari, mu ne dai ba ma kula.

Tatsar nan ita ce abin da ɗan ajinku ya yi a minti talatin. Rubutun masana ba kamar labari ba ne da ake ɓoye ƙarshe sai an kai can, su a gabatarwa suke zazzage kayansu, su ce ga abin da magabata suka faɗa, ga inda na saɓa musu, ga yadda zan kafa hujjata. Don haka ki fara da take da taƙaitaccen bayanin da ke sama in akwai, ki karanta gabatarwa a nutse har sau biyu in ta kama, daga nan ki yi tsalle zuwa kammalawa, sannan ki dawo ki bi kanun sassa da jimlar farko ta kowane sakin layi. Kafin ki taɓa tsakiyar makalar kin riga kin san inda ta dosa, sai ki zaɓi sashe ɗaya ko biyu da nauyin hujjar yake kansu ki karanta sosai. Ki riƙa farautar kalmomin da ke nuna an juya, irin su amma, sai dai, saɓanin haka, ni ina ganin, da makamantansu a Turancin, don nan ne marubuci yake fito da fuskarsa.

Ɗauki makalarki ta Faransa. Shekara da shekaru ra'ayin da ya fi rinjaye shine na masana tarihin Faransa irin su Georges Lefebvre da Albert Soboul, cewa juyin nan faɗa ne tsakanin rukunin jama'a, masu dukiya na birni da suka taso suka ture masu sarauta. Sai wani Baturen Ingila, Alfred Cobban, ya fito tun a shekarun 1950 ya ce ku tsaya, in aka duba wakilan talakawa da suka zauna a majalisar 1789 galibinsu lauyoyi ne da masu riƙe da muƙaman gwamnati, 'yan kasuwa da masu masana'antu kaɗan ne a ciki. Daga baya wani masanin tarihi Bafaranshe, François Furet, a shekarun 1970 ya karkatar da zancen zuwa siyasa da aƙida. To makala in tana magana akan musabbabin juyin nan da wuya ta rasa gefen da ta jingina a wannan jayayyar, ko ta ce duk sun bar wani abu a baya. Bashi da haraji da tsadar rayuwa da kika tuna duk shaidu ne da marubucin ya jawo, ke kin riƙe shaidun ba ki san ƙarar da aka shigar ba. Da kin shiga da tambaya ɗaya a ranki, wannan mutumin da wa yake, da kowane shafi ya sami inda zai zauna a kanki.

Kuma wannan ba sabuwar dabara ba ce, wani malami a jami'ar jihar Ohio ta Amurka, Francis Robinson, tun 1946 ya tsara ta, ana kiranta SQ3R, ka duba rubutun sama-sama, ka mai da kanun tambayoyi, ka karanta kana neman amsa, ka rufe ka faɗa da bakinka, sannan ka yi bita.

In littafi ne guda na bincike aka ba ki, ki nemi sharhin da masana suka yi masa a mujallun fannin, yawanci shafi biyu ne ko uku, in laburarenku na da JSTOR, rumbun mujallun masana na intanet, ki rubuta sunan littafin za ki gansu. Sharhi biyu sun ishe ki sanin hujjar littafin da inda ake sukarsa. Amma ki buɗe littafin da kanki bayan nan fa, kar ki tsaya a bakin mai sharhi.

Ɗan Adabi ya amsa:

Yaya na yarda da kai amma ba duka ba, kuma ina tsoron kar 'yar uwa ta ɗauki maganarka ta shafa wa komai. Ta ce tana da kwas ɗin adabi da na falsafa, ga kuma Tarihi da ake ba su takardun asali, wasiƙu da dokoki da jawabai na mutanen wancan zamanin. Waɗannan ba a tatsarsu. Waƙa ba ta da gabatarwa da kammalawa da za ka karanta ka ce ka gama, ƙagaggen labari in ka bi jimlar farko ta kowane sakin layi ba abin da za ka tsinta, don abin da ake nema yana cikin yadda aka faɗi maganar ne, wace kalma aka zaɓa, wa ya yi shiru a ina. Falsafa ma haka, hujja ce ake ginawa tubali kan tubali, ka tsallake ɗaya sauran su rushe maka, shafi biyar na iya cin awa biyu kuma ba asara kayi ba.

Ina faɗa ne don ya faru da ni. A aji ɗaya lokaci ya ƙure min akan wani littafi, sai na sa ɗaya daga cikin manhajojin AI ɗin nan ta taƙaita min, ta kawo bayani tsaf gwanin sha'awa, na haddace na shiga tes. Ashe ta haɗa mutum biyu na cikin labarin ta mai da su ɗaya, ta kuma ƙara wani abu da sam bai faru ba, ni kuwa na zauna na rubuta shafi guda cur a kai. Malamar ta ja jan biro a gefe ta rubuta min tambaya ɗaya, a wane shafi ka ga wannan? Makin bai dame ni ba kamar kunyar, don na san ta gane ban buɗe littafin ba. Daga baya da na karanta shi a hutu sai na tarar littafi ne da ya taɓa min zuciya ƙwarai, na yi ta jin takaicin yadda na kusa wuce shi.

Don haka ni shawarata 'yar uwa, lokacin da kika samu daga tatsar makalun masana kar ki ɓatar, ki dawo da shi kan rubutun asali. Kuma halinki na bin layi-layi kar ki bari a raba ki da shi, baiwa ce, mutane da yawa nema suke ba su samu ba, wurin da ya dace kawai za ki kai shi.

Na littafin da aka ce ku gama a sati, ki raba yawan shafukan da kwana shida ki san rabon kowace rana, mai shafi 240 kin ga 40 ne kullum, ki riƙa yawo da shi duk inda kika sami minti goma ki buɗe. In tsohon littafi ne da haƙƙin mallakarsa ya ƙare ki duba LibriVox, 'yan sa-kai ne suke karantawa a saurara kyauta, ni ina sa abin kunne ina bin shafin da ido, yana hana ni tsayawa kan kowace baƙuwar kalma. Maganar ƙamus ma kenan, ki sa ɗan ɗigo da fensir ki wuce, in kalmar ta dawo sau uku ko jimlar ta ƙi fahimtuwa sai da ita, sannan ki duba.

Malama Mai Koyarwa ta amsa:

'Yata sannu da ƙoƙari. Na daɗe ina koyarwa a wannan ɓangaren kuma duk shekara sai na ga irinki, yawanci ma su ne ɗaliban da suka fi kowa himma, shi ya sa abin yake min ciwo. Yayyenki biyu na sama duk sun faɗi gaskiya kuma maganarsu ba ta karo da juna. Ni akan makar nan mai ruwan ɗorawa zan tsaya.

Ki ajiye ta. Shafa launi yana sa mutum ya ji kamar ya yi aiki alhali hannu ne kawai ya motsa. A 2013 wasu masana ƙarƙashin John Dunlosky sun auna dabarun karatu 10 da ɗalibai suka saba, shafa launi da maimaita karanta abu ɗaya suna cikin masu ƙarancin amfani, waɗanda suka fi kowanne su ne mutum ya gwada kansa da tambaya, da kuma rarraba bita a ranaku daban-daban maimakon a tara a dare ɗaya. Kafin su, a 2006, wasu masana biyu, Roediger da Karpicke, sun ba ɗalibai rubutu, wasu suka yi ta maimaita karantawa, wasu suka rufe suka rubuta abin da suka tuna. Da aka gwada su bayan minti 5 masu maimaitawa ne a gaba, amma bayan sati ɗaya masu rufewa su tuno sun wuce su. Kin ga inda yaudarar take, a daren kina jin kin sani saboda shafin na gabanki, da safe shafin ba ya nan. Kuma mantuwa ba laifinki ba ce, tun 1885 wani masani Bajamushe, Ebbinghaus, ya nuna cewa mafi yawan zubewar a sa'o'in farko take faruwa in ba a waiwayi abin ba.

Abin da nake sa ɗalibaina, duk abin da ka karanta, ka rufe shi ruf, ka ɗauki takarda ka rubuta da kalmominka, ba na marubucin ba, me yake iƙirari, da me ya kafa hujja, da wa yake jayayya, sannan kai me bai gamsar da kai ba. Layi biyar ko shida sun isa. In da Hausa tunanin ya fi zo miki ki rubuta da Hausa, ni ma haka nake yi har yau, kuma na lura duk abin da na kasa faɗa da Hausa to ban gane shi ba ne, Turancin kawai na haddace. In kin kasa rubutawa sai ki buɗe ki nemo abin da ya ɓace, wannan komawar ta biyu tafi awa huɗun farko albarka don yanzu kin san me kike nema. Ki sa lambar shafi kusa da duk abin da kika ɗauko, ranar rubuta asaimen za ki gode wa kanki. Washegari kafin aji ki duba takardar minti biyar, ƙarshen sati ki sake dubawa. Lokacin jarrabawa takardun nan za ki bi, ba shafi dubu huɗu ba.

Kwas ɗin saurin karatu kuma kar ki kai kuɗinki. Ido ba ya ganin rubutu tar sai 'yan haruffan da ya tsaya a kansu, kuma komawa baya da ido yake yi da 'yar muryar nan da kike ji a kanki in kina karatu, waɗanda masu tallan suke cewa a kashe, suna cikin abin da ke taimaka wa fahimta. Wani masani, Keith Rayner, da abokan aikinsa sun bi binciken da aka yi akan wannan, aka buga a 2016, suka ce ba yadda za a ninka gudu sau biyu ko uku fahimta ba ta ragu ba. Abin da ke ƙara gudu na gaskiya shine yawan kalmomin da kika sani da sabo da fannin, makala ta goma akan juyin Faransa ba za ta ci miki rabin lokacin ta farko ba don kin riga kin san mutanen da rigimar.

Sannan dan Allah ki je wajen malamanki. Mu ma muna da laifi a nan, kowa na tsara kwas ɗinsa bai san nawa ɗan uwansa ya ɗora ba, kuma wani lokacin muna jera karatu da yawa ne don mai son zurfafawa ya samu, ba don muna zaton kowa zai gama ba, sai mu manta mu faɗa. Ki same shi a ofis ki ce Malam na ga karatun satin nan, wanne kake so in fi ba ƙarfi, kuma da wace tambaya zan shiga cikinsa? Ni ɗalibin da ya min wannan tambayar daraja yake ƙarawa a idona. Bashin sati ukun nan kuma kar ki ce sai kin biya shi kafin ki ci gaba, ki kama na wannan satin ki tafi tare da aji, na baya ki tatse su ɗaya-ɗaya in kin sami sarari.

Barcin awa huɗu kuma ki daina 'yata, cikin barci ƙwaƙwalwa take adana abin da aka koya.

Ɗan Aji Huɗu ya amsa:

Ni nawa gajere ne. Ki duba tsakani da Allah cikin awa huɗun nan sau nawa kika ɗauki waya, ni da na ƙirga nawa na tsorata, musamman in a wayar nake karanta PDF ɗin, saƙo ɗaya ya shigo shikenan an tafi. Yanzu in dai makala ce mai muhimmanci fitar da ita nake a takarda, in ba hali in kashe data in sa agogo minti 25 in huta 5, bayan zagaye huɗu in yi dogon hutu, ita ce ake ce wa Pomodoro, wani ɗan Italiya Francesco Cirillo ya ƙirƙiro ta yana ɗalibi. Na falsafa minti 25 ya min kaɗan sai na mai da shi 45, ke ma ki gwada ki ga wanda ya dace da ke. Kuma mai wuyar ki yi shi lokacin da kanki yake sabo, ba sha biyun dare ba.

Sai ki nemi mutum biyu ko uku masu himma a ajinku, kowa ya duba duka karatun sama-sama amma kowa ya ɗauki ɗaya ya yi masa na tsanaki ya zo ya yi wa sauran bayani, ranar da kika yi wa wasu bayani abin ba ya fita kanki. Kar ku wuce huɗu dai, in aka yi yawa hira ake komawa. Ɗan ajin nan naku da ya amsa ma ki tambaye shi yadda yake yi.

Idon kuma duk minti 20 ki ɗaga ki kalli abu mai nisa na daƙiƙa 20, in ciwon bai daina ba ki je a duba miki, ni ashe gilashi nake buƙata ban sani ba.

Ɗalibar Tarihi ta dawo:

Jama'a nagode ƙwarai da gaske, Allah ya saka da alheri, na ce bari in gwada sati guda kafin in dawo.

Yaya na bi yadda ka ce akan wata makala mai shafi 28, gabatarwa sau biyu, kammalawa, sannan kanu, gsky da farko raina bai so ba, hannuna har ƙaiƙayi yake in koma shafi na uku in bi a jere, amma na daure. Minti 50 na gama harda rubuta layi shidan da Malama ta ce, da Hausa na rubuta, kuma a nan na gane akwai wuri ɗaya da ban fahimta ba sam don na kasa faɗarsa, na koma na same shi a shafi na 17 na karanta shi sau uku. Jiya a aji ni na ɗaga hannu, muryata na rawa amma na faɗa, har malam ya tambaye ni ko na yarda da marubucin na ce ban gamsu da shaidarsa ta biyu ba, ya ce in kawo dalili na kawo.

Malama na je ofishin malamai biyu, ɗaya ya ce cikin PDF huɗun biyu ne na dole, ɗayan kuma ya ce duka yake so, to na dai san inda na tsaya. Ɗan uwa na adabi littafin ina shafi na 160, kwana ɗaya ya kuɓuce min amma ina bi, kuma kana da gaskiya shi kam ba ya tsallakuwa.

Inda har yanzu nake fama shine falsafa. Shafi 12 ne kacal amma na yi masa zama uku ban iya rubuta ko layi biyu a kansa ba, jimla ɗaya sai ta cinye rabin shafi. Shi kuma ya zan yi da shi?

Malama Mai Koyarwa ta sake amsawa:

Madalla 'yata, naji daɗi sosai. Na falsafar ki fara bi sau ɗaya daga farko har ƙarshe ba tsayawa ko ba ki gane ba, don ki ga inda zai sauka. A zama na biyu ki sa wa kowane sakin layi lamba, ki rubuta a gefe da kalma biyar ko shida me wannan ya ƙara akan na bayansa. Doguwar jimla kuma ki nemo mai aikin da aikin tukuna, ki zagaye su da fensir, sauran duk rataye suke a jikinsu. Ki kula da kalmomi biyu ko uku da yake ta nanatawa, sau da yawa ma'anarsa daban da ta ƙamus, ki nemo inda ya fara bayyana su. Sakin layin da ya ƙi duk da haka ki sa masa alamar tambaya ki tafi da shi aji, ki ce Malam na gane har lamba 6, daga 7 ne na ɓace. Wane sashe ne ma aka ba ku? Ki turo sakin layin da ya tsaya miki mu duba tare.